Waiwaye: Daga kiran aboki zuwa sabbin damar agaji a gasar tambayoyi

Masu bin shirin Who Wants to Be a Millionaire?, gasar tambayoyi ta talabijin da ake cin kuɗi, ba sa rabo da kawo shawarar sabuwar damar agaji, wato taimakon da ɗan takara kan nema idan tambaya ta gagare shi. Wasu na son a bai wa ɗan takara daƙiƙa 30 ya leƙa intanet, wasu kuma a bar na gida su kaɗa ƙuri'a ta waya. Maganar ba yau ta fara ba.

A 1998 shirin ya fara a Birtaniya da dama uku: 50:50 (a cire amsoshi biyu marasa daidai daga zaɓi huɗu), kiran aboki, da tambayar 'yan kallo. Da su ya shiga Amurka a 1999, sannan Najeriya a 2004, inda Frank Edoho ya gabatar.

Inda lissafi ya canza, kuma ba a cika tunawa ba, shi ne 2010, lokacin da shirin Amurka ya soke kiran aboki. An gina damar ne kan cewa abokin zai amsa da abin da ke kansa cikin daƙiƙa 30. Da intanet ta wadata, sai ya zauna gaban kwamfuta yana jiran waya. Ɗan takara ba ya ma ɓata lokacin karanta zaɓi huɗun. Kalma biyu ko uku yake jefa masa, shi kuma ya buga a injin bincike. Abin ya tashi daga gwajin sani ya koma gwajin saurin yatsu. Da shirin ya dawo a Birtaniya a 2018, sai da aka riƙa tura ma'aikaci ya zauna kusa da abokin.

Saboda haka mai neman damar leƙa intanet yana roƙon a dawo da abin da ya kashe kiran aboki ne. Ƙuri'ar na gida kuwa matsalarta biyu: yawanci naɗar shirin ake yi kafin a haska, kuma kowa da wayarsa a hannu.

Akwai kuma haɗuwar dama biyu, wadda masu shawara ke mantawa. A 2004 Amurka ta gwada Double Dip, wato amsa sau biyu kan tambaya ɗaya. Idan aka fara da 50:50, zaɓi biyu ne suka rage, ga damar amsa biyu, faɗuwa babu ita ke nan. Da aka dawo da Double Dip a 2008, gurbin 50:50 ɗin ta maye, kuma wanda ya ɗauke ta ba shi da ikon janyewa da kuɗinsa.