Waiwaye: ba Khumaini kaɗai ya kori sarkin Iran ba

In aka taɓo zancen Iran a majalisun Agege sai ka ji matasa na cewa ai Khumaini ne ya tashi rana ɗaya ya kori sarki, wallahi ba haka ba ne, abin ya daɗe yana ci ƙasa-ƙasa.

Tun 1953 aka shuka tsiyar, lokacin da Amurka da Ingila suka haɗa baki aka kifar da firaminista Musaddik don ya ƙwace mai daga hannun kamfanin Turawa ya mai da shi na ƙasa. Daga nan sarkin, wato Shah Muhammad Riza Pahlawi, ya riƙe wuƙa da nama, ga 'yan sandan ciki na SAVAK, ko gaban ɗan'uwanka ba ka sakin baki. Khumaini ya yi ta sukarsa, 1964 aka kore shi, ya zauna Turkiyya, sai Najaf ta Iraƙi, ƙarshe Faransa.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai 'yan kasuwa ne. Kuɗin mai ya shigo, kaya suka yi tashin gwauron zabo, gwamnati maimakon ta duba kanta sai ta ɗora wa masu shaguna laifi, wannan tara wancan gidan yari. Duk mai rumfa a Mile 12 ko Alaba Rago ya san zafin a ce kai ka jawo tsada alhali kai ma da tsada ka saro. To su ne fa suka zuba kuɗi suka kulle kasuwanni, wa'azin Khumaini kuma a kaset yake yawo hannu-hannu daga masallaci zuwa shago. Janairun 1978 aka harbe masu zanga-zanga a birnin Kum, ranar arba'in ɗinsu jama'a suka fito aka sake harbi, wata arba'in ɗin aka kuma fitowa, a haka har ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki, nan ne gwamnati ta durƙushe. 16 ga Janairu 1979 Shah ya fice, 1 ga Fabrairu Khumaini ya sauka Tehran.

Mu ma guguwar ta taɓa mu. Farashin mai ya ninka, Shagari da aka rantsar nan Legas a Oktoban shekarar ya tarar da kuɗi, kafin 1982 farashin ya karye aka koma tsuke bakin aljihu. Ɗaliban jami'a a Arewa suka ɗauki abin da zafi, cikinsu har da Zakzaky na ABU Zariya.

Can Iran kuwa ba su huta ba, 1980 Saddam na Iraƙi ya afka musu, shekara 8 ana yaƙi, dubban ɗaruruwa suka mutu. Da yawan waɗanda aka yi gwagwarmayar tare da su an ɗaure, wasu an kashe, Bani Sadr ma shugaban ƙasarsu na farko a 1981 gudu ya yi zuwa Faransa.