Sharuɗɗan da ba a rubuta ba tsakanin banki da mai asusu

Sharuɗɗan da ba a rubuta ba su ne haƙƙoƙi da wajibai da doka ke ɗauka cewa suna cikin yarjejeniya, ko da babu su a takardar da aka sa wa hannu. Fom ɗin buɗe asusu bankin ne ya tsara shi, shi ya sa in rikici ya tashi, mai asusu kan dogara da waɗannan sharuɗɗa fiye da abin da ke cikin fom ɗin.

Asali

Najeriya ta gaji wannan fanni ne daga dokokin Ingila, kuma har yau lauyoyi a kotunan Abuja suna kafa hujja da tsofaffin hukunce-hukuncen can. A shari'ar Foley da Hill ta 1848 aka tabbatar cewa kuɗin da mutum ya zuba a banki bashi ne a kan bankin. Jama'a na ce masa ajiya, amma a idon doka ya bambanta da kayan da aka ba mutum amana: banki na iya juya kuɗin yadda ya ga dama, muddin zai biya in an nema. Shari'ar Joachimson ta 1921 ta fayyace cewa biyan yana wajaba ne idan mai asusu ya nemi kuɗinsa.

Wadda aka fi ambato ita ce shari'ar Tournier ta 1924. Wani mai asusu mai suna Tournier ya ci bashin banki, ya yi alkawarin biyan fam guda duk mako, sai ya gaza. Manajan reshen ya buga waya wurin aikinsa, cikin hira ya bayyana bashin, har ya nuna cewa mutumin na hulɗa da mai karɓar caca, daga baya aka ƙi sabunta masa aiki. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce rufa asirin mai asusu sharaɗi ne ko ba a rubuta ba, sai a hali huɗu: tilascin doka, maslahar jama'a, kare haƙƙin bankin kansa, ko amincewar mai asusun.

Shi ma mai asusu da nasa nauyin. Wajibi ne ya rubuta cek ta yadda ba za a iya ƙara adadi ba, kuma ya sanar da banki da zarar ya gano an kwaikwayi sa hannunsa.

Yadda ake yi a yanzu

Wasu daga cikin waɗannan haƙƙoƙi sun shiga Ƙa'idojin Kare Masu Hulɗa da Bankuna da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2019. Ɗan kasuwa a Wuse da na'urar ATM ta zare masa kuɗi a asusu ba ta ba shi ko sisi ba, zai fara kai koke ne bankinsa. Wani umarni da Babban Bankin ya fitar a 2020 ya ba da awa 48 a mayar da kuɗin idan na'urar ta wani bankin ce. Idan aka yi mako biyu ba a warware ba, yana iya kai maganar Sashen Kare Masu Hulɗa na Babban Bankin.

Kotu

A shari'ar NDIC (hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna) da kamfanin Okem ta 2004, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Tarayya da manyan kotunan jihohi duk suna da hurumin sauraren ƙara tsakanin banki da mai asusu. Ana saɓani kan iyakar ikon hukumar FCCPC, mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, a kan bankuna tun bayan dokar bankuna ta 2020.