Don Allah iyaye mata, a daina dama ORS a kofin shayi

Tun da damina ta kankama, da wuya rana ta wuce ba a kawo mana yaro mai gudawa asibiti ba, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, leɓe ya bushe. Na tambayi uwar ko ta ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari na leda, ta ce wallahi ta ba shi. Na ce a ruwa nawa kika dama? Sai ta nuna mini da hannu, ɗan kofin shayi. Wai don maganin ya yi ƙarfi.

Haba baiwar Allah! Ledar da aka ce a zuba a lita 1, ke kin juye ta a kofi. Na san ƙauna ce ta sa, amma cutar da shi kike yi.

Kin taɓa yanka albasa ki barbaɗa mata gishiri ki ajiye? Kafin ki gama jajjage za ki tarar ta tsatso ruwa ta yi laushi. Ruwa kullum yana bin inda gishiri ko sukari ya fi yawa. Haka hanjin ɗanki yake. Idan haɗin ya yi daidai, sukarin ne ke riƙo gishirin su ratsa bangon hanji tare, ruwa ya bi bayansu ya shiga jini. Idan kuwa ya yi kauri, sai lamarin ya juye, ruwan jikin yaron ya riƙa tsatsowa zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Shi ya sa muke hana lemon kwalba ma, sukarinsa ya yi yawa.

Kuma kar a raina wannan ruwa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis ana tsakiyar kwalara, da wannan haɗin ya ceci mutane masu ɗimbin yawa. Sirrinsa awo ne. Ke kuma awon kike ɓatawa.

Ba ki da ma'auni? Fiya wata leda 2 ita ce lita 1. Amma duba jikin ledar maganin tukuna, ko ki sa a karanta miki, don akwai ta rabin lita. Juye garin duka, kar ki ƙara sukari, kar ki zuba madara. Ba shi da cokali kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa. In ya yi amai, jira minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar. Ki ba shi maganin Zinc kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Nono kuwa kar a yanke.

Maigida, kai ma da kai nake, tunda kai ke sayowa a kemis. In yaron ya ƙi sha, ko ya yi lagwas, ko kun ga jini a kashinsa, kar ku zauna kuna cewa haƙori ne. Ku kawo shi asibiti ko da tsakar dare ne.