Baƙin da ke cikin gorar ruwan yaro: ga amsa, kowa ta karanta

Tun da aka koma makaranta ba a yin sati wata ba ta turo mini hoton murfin gorar ɗanta ba, cikinsa duk ɗigo-ɗigon baƙi. Daga Misfala, daga Shara Mansur a nan Makka, har daga Jidda. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na rubuta.

Hajiya, mene ne wannan baƙin?

Funfuna ce, irin wadda ke fito wa burodi in ya kwana biyu a leda.

To ai ruwa zalla nake zuba masa.

Bakinsa fa? Ya ci tamis da ful, ya kafa kai a gora, yawu da ɓurɓushin abinci suka koma ciki. Ranar Alhamis ya dawo ya wurgar da jaka bayan ƙofa, ba ki ƙara bi ta kanta ba sai safiyar Lahadi. Gora a rufe, da danshi, a garin da zafinsa ke haura digiri 40. In kuma kina zuba masa Vimto ko laban a ciki, to kiwonta kike yi.

Amma Zamzam ne a ciki.

Albarkar Zamzam babu mai musunta. Gorar ce ba ki wanke ba.

Ya riga ya sha, in kai shi asibiti?

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Yawancin yara masu lafiya babu abin da ke samunsu. In kin ga amai, ko gudawa, ko ƙuraje, ko numfashinsa ya canza, musamman mai asma ko wanda jikinsa ba shi da ƙarfi, ki kai shi. Ban da haka, tashi ki wanke gora.

Da me zan wanke?

Ki fara da warware ta. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa: a kurkure cikin gora tas, a bar murfi, alhali a murfin ɓarnar take. Ki zare bututun zuƙa, ki cire robar da yake sa wa baki, ki sa bayan ƙaramin cokali ki ɓanɓaro zoben robar da ke kwance cikin murfi. Duba ƙarƙashinsa, za ki ga abin da zai hana ki cin abincin rana. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, da siririn buroshin bututu, ana samunsa a shagunan Abu Riyalain. Bayan nan ki jiƙa komai cikin farin khal (wato vinegar) da ruwa, rabi da rabi, kamar awa ɗaya, ki sake gogewa, ki ɗauraye.

Clorox fa, ruwan bilicin nan?

Ana sawa, amma da awo: rabin ƙaramin cokali a ruwa lita 1, minti 2, a ɗauraye sosai. Kada ki kuskura ki haɗa shi da khal. Iska mai guba suke fitarwa, a kicin ɗinmu da taga ɗaya ke gare shi.

Na goge, na jiƙa, baƙin ya ƙi fita daga robar. In yar ko in ci gaba da amfani?

Wannan kam ba ta amsuwa da kalma ɗaya. Ki fara sa farce ki kankara. In yana fita, ko kin ji santsi, wanki ne bai kai ba, koma ki sake. In kuwa wurin sumul yake, baƙin ya shige cikin naman robar, to yana iya zama tabo ne kawai funfunar ta mutu ta bari, yana iya zama kuma akwai saura a inda buroshi ba ya kaiwa, kuma ido ba ya raba miki su. Robar silikon, mai laushin nan, tana jure tafasa, sai ki tafasa ta minti 5 ki gani. Amma kada ki jefa jikin gorar roba a tafasasshen ruwa, za ta lanƙwashe, murfin ya daina kamawa. Ta ƙarfe kuma ba ta son Clorox, yana cin ta, sai ki tsaya ga khal. In bayan duk wannan kin shinshina kin ji warin ruma, ko robar ta tsage, ko ta yi danƙo, ni dai ba zan mayar wa jikana ita baki ba. Wasu gorunan ana sayar da zobensu da bututunsu daban, in taki mai tsada ce ki nema kafin ki yar da ita duka. In ta riyal 10 ce, me kike jira? Sai dai na san akwai gidan da yara biyar ne, kowa da gorarsa, ba kullum ake da na sabuwa ba. In tabon ɗan kaɗan ne, a zoben da ba ya taɓa baki, babu wari, an tafasa, ban ce ki yar ba. Wanda ke cikin bututu ne ba na yi wa sassauci, don ba ki ganin abin da ke ciki.

Na ga ana haɗa khal da bikarbonat (baking soda) yana kumfa.

Kumfar ce ke burge ki. Junansu suke kashewa, a bar ki da ruwan gishiri-gishiri. Ki yi amfani da ɗaya, ki gama, sannan ɗayan.

Sau nawa zan riƙa wankewa?

Kullum. Warwarewa duka, ko da sau ɗaya a sati, daren Alhamis. Kuma in kin wanke kada ki mayar da murfi a jiƙe ki tura cikin kabad. Ki kifa gorar, zobe gefe, bututu a tsaye cikin kofi, su kwana suna shan iska, da safe ki haɗa.