Idan Ya Gama Makaranta, Ina Za Shi?

Duk sanda na zauna da iyayen yaro mai jinkirin fahimta, ko otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), ko lalurar Down da wasu ke kira galahanga, akwai tambayar da nake yi musu: ranar Litinin ta farko bayan ya gama makaranta, ina za shi? Yawanci sai a yi shiru. Can wani ya ce, "Sai dai ya zauna a gida, ai ba zai iya ba."

Wannan zaman gidan shi ne abin da ya fi damuna. Yaro ya shafe fiye da shekara goma yana da dalilin tashi da safe, ga malami, ga abokai, ga lokacin shiga da na tashi, rana ɗaya duk a yanke. Na sha ganin matashin da yake gaisawa da mutane, yake zuwa makaranta da ƙafarsa, amma bayan shekara biyu a ɗaki magana ta ragu, barci ya rikice, fushi ya yi yawa. Iyaye su ɗauka lalurar ce ta ƙaru. Sau da yawa zaman banza ne ya ci shi.

Waɗannan lalurori ba taɓin hankali ba ne, ba kuma ciwo ba ne da za a jira ya warke sannan a fara rayuwa. Mai lalurar Down da ƙarin ƙwayar gado ta 21 aka haife shi, da ita zai rayu, kuma yana koyo. A hankali ne, amma yana koyo.

Saboda haka shiri tun yana makaranta ake fara shi. A Amurka dokar ilimin masu nakasa ta wajabta a rubuta wa ɗalibi shirin fita zuwa aiki ko ƙarin karatu da zarar ya kai shekara 16, wasu jihohin tun yana 14. Ni 14 ɗin nake ba da shawara. A zauna da malami da iyaye da yaron kansa, kuma shi za a fara tambaya. Me yake so? Me yake yi har ya manta da lokaci? Wani yana son jera kaya daidai, wani dabbobi, wani shuka, wata kwamfuta. Mun saba yanke musu hukunci suna zaune a gabanmu kamar ba sa ji, alhali suna ji sarai.

Abin da na fi so malamai su riƙe shi ne, yawancin yaran nan yana yi musu wuya su ɗauki abin da suka koya a aji su yi amfani da shi a wani wuri daban. Wanda ya iya naɗe tawul a makaranta yana iya rikicewa idan teburin ya canza. Shi ya sa a wurin aiki ake koya musu aiki. Shirin Project SEARCH, wanda aka fara a asibitin yara na birnin Cincinnati da ke Amurka a 1996, a kan haka aka gina shi: ɗalibi yana yin shekararsa ta ƙarshe a cikin ma'aikata, yana zagaya sassa uku, har a gano inda ya fi dacewa. Ko babu irin wannan shiri kusa da ku, rana ɗaya a mako a wurin aiki na gaske ta fi wata guda ana bayani a allo.

Yadda ake koyarwar ba wani asiri ba ne. A rarraba aikin ƙanana-ƙanana, a nuna mataki ɗaya, ya yi, a maimaita har ya zauna. A liƙa hotunan matakan inda zai gani. A samu mai rakiya da zai tsaya kusa da shi a makonnin farko, sannan ya riƙa ja da baya har yaron ya tsaya da kansa. Idan mai rakiya ya ƙi janyewa, shi ke aikin ba yaron ba.

Kada a manta da abubuwan gefe, don su suka fi korar yaran nan daga aiki: zuwa a kan lokaci, tsabtar jiki, sanin hanya, iya cewa "ban gane ba, a sake faɗa mini". A kuma koya musu, maza da mata, cewa babu wanda ke da ikon taɓa jikinsu, a nuna musu takamaiman mutumin da za su kai wa ƙara.

Ku masu ɗaukar ma'aikata, ba sadaka ake roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, a sashe na 27, ta amince da haƙƙinsu na yin aiki daidai da kowa, har da biya daidai a kan aiki iri ɗaya. Abin da za ku gyara kaɗan ne: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, wuri marar hayaniya ga wanda ƙara ke damu, da sanarwa tun da wuri idan za a canza tsari. Idan ya yi aikin, a biya shi a hannunsa.

Iyaye, a wannan makon ku ba shi aiki ɗaya a gida wanda nasa ne shi kaɗai, kowace rana, ko da zai ɗauki ninkin lokacinku. Kada ku karɓe idan ya yi kuskure. Sannan ku je wurin malaminsa ku tambaya: wane shiri aka yi masa na bayan makaranta, kuma yaushe za mu zauna?