Uwar karen ruwan teku da dajin da ke ƙarƙashin ruwa

Wace irin dabba ce karen ruwan teku?

Dabba ce mai shayarwa da ke rayuwa a gaɓar arewacin Tekun Fasifik, daga Kalifoniya zuwa Alaska har yankin Kamchatka na Rasha. Ba ta da kitse mai kauri da zai kare ta daga sanyin ruwa, sai gashin da ya fi na kowace dabba cunkoso, kuma dole ne ta ci abincin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta a kullum.

Yaya uwa take renon ɗanta?

Yawanci ɗa guda take haifa, a cikin ruwa, kuma uban ba ya taya ta komai. Tana kwanciya rigingine a saman ruwa ta ɗora shi a ƙirjinta, tana shayar da shi, tana lasar gashinsa tana hura masa iska har ya zama ba ya iya nutsewa. Idan yunwa ta tilasta mata shiga ƙasan ruwa, sai ta naɗe shi da ganyen wata ciyawar teku mai suna kelf don kada igiyar ruwa ta tafi da shi, shi kuwa ya yi ta kuka har ta dawo. A cikin wata 6 ko makamancin haka take koya masa nutso, da zaɓen abinci, da fasa ɓawo da dutse. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, gab da yaye buƙatar jikinta ga abinci takan kusa ninkawa, har wasu iyayen kan rame su mutu bayan sun yaye 'ya'yansu.

Me ya haɗa wannan wahala da dajin kelf?

Kelf doguwar ciyawar teku ce da ke tasowa daga duwatsun ƙasa zuwa saman ruwa, kifaye da sauran halittu kuma a cikinta suke fakewa. Babbar abokiyar gabarta ita ce bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya da ke gwaguyar gindinta. Karen ruwa yana cin bushiyar nan sosai, don haka duk ɗan da uwa ta raya mai gadin daji ne na gaba.

Akwai hujja a kan haka?

Akwai. Farautar fata da ta fara a 1741 ta rage dabbar, wato karen ruwan teku, zuwa tsakanin 1,000 da 2,000 kafin wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1911 ta ba ta kariya. A 1974 masana kimiyya James Estes da John Palmisano suka kwatanta tsibiran Aleutian na Alaska: a Amchitka, inda dabbar ta farfaɗo, kelf ya yi yabanya, a Shemya kuwa, inda babu ita, bushiyoyi sun mamaye duwatsu.

Idan ɗa ya rasa uwa fa?

Shi kaɗai ba zai rayu ba. Gidan adana halittun ruwa na Monterey Bay a Kalifoniya yakan haɗa irin waɗannan marayu da matan karen ruwa da ke hannunsa, su rene su kamar nasu, sannan a mayar da su teku.