Kyamarar Cassini: yadda ido mai megafiksel ɗaya ya leƙa zobban Zuhal

Duk wanda ya taɓa ganin hoton duniyar Zuhal, wadda Turawa ke kira Saturn, da zobbanta sun yi mata ɗamara, akwai yiwuwar daga kumbon Cassini hoton ya fito. Kumbon ya tashi daga Florida a Amurka ranar 15 ga Oktoban 1997, ya isa Zuhal a tsakiyar 2004, ya shekara 13 yana kewaya ta, kafin ya faɗa cikinta ya ƙone a 2017. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin NASA da hukumomin sararin samaniya na Turai da na Italiya.

Kyamara nawa ce a jikin kumbon?

Manyan na ɗaukar hoto biyu ne. Ɗaya mai hangen nesa ce, tana matse ido a kan ɗan ƙaramin wuri, faɗin abin da take gani bai wuce digiri 0.35 ba, wato bai kai faɗin cikakken wata a sama ba. Ɗayar kuma tana ɗauko fili mai faɗi, ninki goma na wancan. Mai hangen nesan za ta iya hango sulalla daga tazarar kusan kilomita 4. Tawagar da ta kula da su ta yi aiki ne ƙarƙashin masaniyar duniyoyi Carolyn Porco.

Ba su da wuyan da za su juya. A kafe suke a jikin kumbon, don haka duk hoton da za a ɗauka sai an juya kumbon gaba ɗayansa ya fuskanci wurin.

Da gaske ne megafiksel ɗaya kawai suke da shi? Ai wayar hannu ta fi su.

Da gaske ne. Kowace tana da ɗigo 1,024 a tsaye, 1,024 a kwance. Fasahar farkon shekarun 1990 ce, kuma abin da ya tashi sama ba a kiran sa gida a sauya masa kaya.

Amma yawan ɗigo ba shi ne magana ba a can. Hasken rana da ke isa Zuhal bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wanda muke samu a nan ba.  Kyamarar Cassini kuwa tana iya buɗe ido har minti 20 tana tara haske kaɗan-kaɗan, kuma ana sanyaya ƙwayar idonta zuwa kusan digiri 90 ƙasa da sifili don kada zafinta ya gurɓata hoton. In ana son babban hoto, sai a ɗauki ƙanana da yawa a jere a ɗinke su kamar ƙyallaye.

To launukan nan fa, na gaskiya ne?

Kyamarar kanta baƙi da fari take gani. A gabanta akwai faifai biyu masu juyawa, ɗauke da gilasan tace haske: 24 a mai hangen nesa, 18 a ɗayar. A ɗauki hoto ta jan gilashi, a sake ta kore, a sake ta shuɗi, a nan ƙasa a haɗa ukun, sai ga launi kusan yadda idonka zai gani. Wani lokaci kuma da gangan ake haɗa hasken da idon mutum ba ya gani don a fito da bambancin ƙanƙara ko gajimare. Ba yaudara ba ce, muddin an faɗa a ƙarƙashin hoton.

An ce Titan, ɗaya daga cikin watannin Zuhal, lulluɓe yake da hazo. Ta yaya aka ga ƙasarsa?

Hazon Titan ya fi na tsakiyar hunturu kauri nesa ba kusa ba, kumbon Voyager 1 da ya wuce a 1980 ƙwallon lemo kawai ya gano. Sai dai akwai wata 'yar kafa a cikin hasken da ke gaba da ja, wajen nanomita 938 a ma'aunin tsawon zangon haske, inda iskar methane ba ta shanye haske sosai. Aka sa wa kyamarar gilashi daidai wannan kafar, ta nan ta leƙa ta ga wurare masu duhu da masu haske. Na'urar rada ce ta fi fito da tafkunan da ke Titan, sannan ƙaramin kumbon Huygens da Cassini ya goyo, da nasa idon, ya sauka can ranar 14 ga Janairun 2005 ya aiko hoton duwatsun ƙanƙara masu santsi kamar na bakin rafi.

Mene ne babban abin da ta gano?

A ganina, Enceladus. Ɗan watan Zuhal ne mai faɗin kimanin kilomita 500, fari fat. A 2005 aka ɗauke shi rana tana bayansa, sai ga feshin ƙanƙara yana tashi daga tsagogin kudancinsa. Ka tuna yadda ƙura ba ta ganuwa a ɗaki sai hasken rana ya ratso ta taga? Dabarar kenan. Daga baya aka tabbatar akwai teku mai gishiri a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙararsa.

Haka aka yi da zobban. A Agustan 2009 rana ta daidaita da gefensu, abin da ke faruwa sau ɗaya a kusan shekara 15. Inuwa ta yi tsawo kamar da la'asar sakaliya, sai aka ga tudun ƙanƙara a bakin zoben da ake kira B, waɗanda tsayinsu ya kai kilomita 2.5, alhali kaurin zobban a yawancin wurare 'yan mitoci ne. Akwai kuma Daphnis, ƙaramin wata da aka gano a 2005 a cikin wata rata ta zoben A, yana tafe yana tayar da igiyoyi a gefe da gefe.

Ta taɓa ba da matsala?

Ƙwarai. A 2001, tun kafin a isa, taurari suka fara fitowa dishi-dishi a hotunan mai hangen nesa, wani raɓa ya kwanta a cikinta. Babu mai hawa ya goge. Sai injiniyoyi suka riƙa ɗumama ta a hankali, zagaye bayan zagaye, har hazon ya washe a 2002.

Ta ɗauki hoton faɗawar kumbon cikin Zuhal?

A'a. Hoto nauyi gare shi, aika shi yana cin lokaci, kuma a mintocin ƙarshe an fi bukatar bayanan na'urorin da ke shinshina iskar Zuhal kai tsaye. Hoton ƙarshe an ɗauke shi ranar 14 ga Satumban 2017, yana nuna wurin da kumbon zai nutse, hasken zobba ne kaɗai ya haska shi. Jimillar hotunan ta kai 453,048. Washegari tashar Canberra a Ostiraliya ta ji siginar ta ɗauke, minti 83 bayan kumbon ya riga ya ƙone.